A Bar Shi Ya Ƙarasa

Kwat aka aike ta ta kai, ba wani abu ba. Yayarta ta goge ta tun da la'asar, ta naɗe a jarida, ta ce, "Auta, taimaka ki miƙa wa mijin nan nawa kafin mutane su taru. Kuma don Allah ki riƙe bakinki." Auta ta ce to. Ta faɗi "to" ɗin nan da muryar yayar tata sak, har da ɗan jan hancin da take yi in ta gaji. Yayar ta kawo mata duka da mafici, ta goce ta fice tana dariya.

Halinta ke nan. Ba wanda za ta ji maganarsa sau biyu ba ta ɗauke muryarsa ba. Mai tallan gawayi, malamar asibiti mai tsawa, maƙwabciyarsu mai fara kuka tun kafin a gama ba ta labari, duk suna zaune a maƙogwaronta. Amma wadda ta fi ƙwarewa a kai ita ce muryar Baba. Tun da ya rasu ba ta ƙara yin ta a gaban kowa ba. Sai ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta tura ƙofa, ta ce wa kanta, "Auta, kin ci abinci kuwa?" da 'yar shaƙewar nan tasa. Sannan ta amsa masa. Abin da ya rage mata nasa ke nan.

Baba mai gyaran agogo ne. A bayan shagonsa, cikin shekaru masu yawa, ya ƙera wani mutum-mutumi mai wasan dabo. Tsayinsa bai wuce na yaron da ya fara tafiya ba, yana zaune a kan akwatin katako, da fuskar itace mai murmushin fenti, da 'yar sanda a hannun dama, da kofunan tagulla uku a gabansa. Yaran unguwa suka sa masa Malam Shiru. In an murɗa mabuɗin bayansa, sai ya ɗaga kofunan ya nuna ba kome, ya rufe wani ɗan jan ƙwallo, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya ɗaga, ƙwallo ya ɓace. Sai ya yi ta jujjuya kofunan. Can sai wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa a cikinsa, ya ɗaga na tsakiya, ga ƙwallo ya dawo, ya sunkuyar da kai. Ba hannun kowa a ciki.

Mutane suka ce aljani Baba ya kulle a akwatin. Shi kuwa dariya yake yi, ya buɗe bayan ya nuna musu sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen da ke motsa shi, da faya-fayan tagulla masu haƙora. Doka ɗaya ce kawai ba ya wasa da ita. In Malam Shiru ya fara, ba a tsayar da shi. Ko gobara ake yi, in ji Baba, a bar shi ya ƙarasa, domin abin da ya ɗauka a rabin farko, a rabin ƙarshe yake mayarwa.

To sai hannun Baba ya fara rawa, ido ya yi rauni. Sai ga mijin yayarta ya zo da daɗin baki. Mai Baki ake ce masa, kuma ba a yi masa ƙarya ba, mutum ne da zai iya sayar maka da takalmin da ke ƙafarka. Ya ce aro zai yi na mako guda. Ya kama wani tsohon sito ya jera bencina, ya rataya labule, ya sa aka rubuta a ƙofa cewa shi ne ya ƙera abin al'ajabin da hannunsa.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne tafin da ake yi wa ɗan itace, shi yana tsaye a gefe kamar mai gadi. Sai ya huda gefen akwatin, ya samo wata doguwar ƙusa ya goge ta da magagari har ta yi daidai da hudar. Da ƙwallo ya ɓace, sai ya zura ƙusar a ɓoye tsakanin haƙoran tagullar. Malam Shiru ya ƙame da hannu a sama. Sai Mai Baki ya taka gaba, ya zaro wani ƙwallon daga kunnen wani yaro, sito ya ɗauka da tafi. Kafin wasa na gaba ya buɗe baya, ya ciro na ciki da yatsa, ya murɗa faya-fayan baya da ƙarfin tsiya. Haka aka yi ta yi. Malam Shiru bai sake jin ƙararrawarsa ba.

Ranar da Baba ya ji labari, da sanda ya dogara ya je. Ya tashi tsaye a tsakiyar mutane ya ce, "Ɗana, ka bar shi ya ƙarasa." Mai Baki ya karkace kafaɗa, ya kaɗa hannuwa kamar mai zazzaɓi, ya maimaita maganar da muryar tsohon. Sito ya kece da dariya. Auta na benci na baya, kuma ta gane kwaikwayon, domin a wurinta ya koya, a tsakar gida, lokacin da Baba da kansa yake dariya har da hawaye. Aka riƙo tsohon aka fitar da shi. Bai daɗe ba bayan nan ya rasu.

Don haka ba kwat kaɗai ta fito da ita a wannan yammacin ba. Ƙusar take so. In ta sace ta, yau Malam Shiru zai ƙarasa wasansa a gaban kowa. Zai ɗaga kofin tsakiya da ƙwallonsa, ga Mai Baki can a gefe riƙe da na biyu, baki buɗe. Ta riga ta tanadi irin dariyar da za ta yi.

Rana ta faɗi tana kan hanya. Layin siton duk shagunan walda ne da na faci, kuma sun rufe. Warin ƙonannen ƙarfe bai gama bajewa ba. Jemagu sun fara fitowa daga ƙarƙashin kwano. Wani kare da ke kwance kusa da ƙofar ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi ƙofar, ya tashi ya koma can tsallaken titi ya kwanta.

Ƙofar a sakaye take. Ta yi sallama, ba a amsa ba.

Ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci, a saman dandamali. Bencina a jere, ba kowa. Ta ajiye kwat ɗin a kan na gaba, ta hau, ta ja labulen.

Malam Shiru yana nan zaune. An sake masa fenti, an ƙara faɗin murmushin. Rigar da Auta ta ɗinka masa da hannunta tun tana makaranta an cire, an sa masa wata mai ƙyalƙyali. Hannunsa na dama na sama da sanda, a ƙame tun wasan jiya. Ga kan ƙusar ya leƙo a gefen akwatin.

"Sannu, Malam," ta ce a hankali. "Sun wahalar da kai."

Ta kama ƙusar. Sanyi gare ta kamar an ciro ta daga randa. Ta ja. Ta fito ba gardama.

Ta zaci sauran ƙarfin sifirin zai sa ya ƙarasa na jiya. Ta jira ƙararrawa.

Ba ƙararrawa. Wani numfashi ne ya fito daga akwatin, dogo, irin na wanda aka sauke wa kaya. Tare da shi ƙanshin man agogo, da na sabulun da Baba ke wanke hannu da shi. Babu wannan sabulun a siton nan.

Hannun ya sauko. Tak. Tak. Tak. Ya ɗaga kofi na farko, ba kome. Na biyu, ba kome. Na uku, ba kome. Ya mayar da su.

Auta ta san wasan nan kamar tafin hannunta. Wannan ba ƙarshe ba ne. Farko ne. Kuma ba wanda ya taɓa mabuɗin.

Sai kan ya juya wajen ƙofa.

Baba bai yi masa wuyan juyawa ba. Sunkuyawa kawai yake yi.

"A'a, ƙanwata ce da kanta?" Mai Baki ne ya shigo yana sakace, haƙorinsa na gwal na walƙiya. Ya turo ƙofar ta rufu a bayansa. Ya fara tsokanar da ya saba, wai yaushe za ta bar kwaikwayon mutane ta nemi mijin da zai iya da ita, wai in tana son aiki yana neman mai share bencina. Yana magana yana warware jaridar, yana duba gugar kwat ɗin. Sai ya ɗaga ido ya ga inda take tsaye, ya ga hudar akwatin fanko.

Murmushin ya tafi.

"Ba ni," ya ce.

"Me zan ba ka, Yaya?"

"Kada ki maishe ni abokin wasanki. Haka tsohon nan ya zo yana..."

Ƙwas.

Sandar ce ta sauka a kan kofi na farko. Hannun hagu ya ɗaga shi a hankali.

Wani ɗan abu ne a ƙasa, yana walƙiya a hasken ƙwan. Auta ta sunkuya ta duba. Haƙori ne. Na gwal.

Mai Baki ya kai yatsa bakinsa. Yatsan ya shige ta giɓi. Ba jini, ba zafi. Dasashin a shafe, kamar ba a taɓa yin haƙori a wurin ba.

Kofin ya rufe.

Ya yi tsalle ya hau dandamalin. Ya fara zagi, yana cewa ita ce, wani surkulle ta haɗo masa, ita da ubanta duk sai ya nuna musu. Muryarsa ta cika siton, tana dukan kwano tana dawowa. Ya kai tsakiyar wata kalma.

Ƙwas.

Bakinsa na ta motsi. Jijiyoyin wuyansa a miƙe. Amma ba abin da ke fitowa. Shiru ya sauka, har Auta na jin ƙugin ƙwan lantarki.

Kofi na biyu ya ɗan ɗaga, kaɗan, kamar murfin tukunya.

Zagin ya ci gaba daga ƙarƙashinsa. Muryar Mai Baki ce, 'yar ƙarama, kamar daga ƙasan rijiya, tana ƙarasa kalmar da ya fara.

Kofin ya rufe. Muryar ta yanke.

Tak. Tak. Tak.

Kan ya juyo wajenta.

Idanun fenti ne, ta san haka. Tana zaune a gefe ranar da Baba ya ɗiga musu baƙi da tsinke. Amma yanzu da ɗanshi a cikinsu, kuma hasken ƙwan lantarkin bai fito a cikinsu ba.

"Malam," ta ce. "Ni ce fa. Auta."

Ƙwas.

Ta ji kamar an zare wani siririn zare mai sanyi daga cikin kunnenta, ya bi ta maƙogwaro ya fita. Bai yi zafi ba. Kofi na uku bai ko ɗaga ba.

Ta lalubi haƙoranta da harshe. Suna nan. Ta ce "a", ta ji kanta. Ta dubi yatsunta, ta ƙifta ido. Kome na nan.

Kofunan suka fara zagaye. Na dama ya koma hagu, na hagu ya shiga tsakiya, tagulla na gogar katako, shuu, shuu, shuu. Hankalinta ya ɗan dawo jikinta. Nan ne tsakiyar wasa. Bayan juyi sai ƙararrawa. Bayan ƙararrawa sai mayarwa. Abin da ake bukata kawai a tsaya a jira.

Mai Baki bai san haka ba. Ko ya taɓa sani ya manta, don rabonsa da ganin ƙarshen wasan nan tun ranar da ya goge ƙusarsa. Abu ɗaya ya iya yi wa Malam Shiru in ya motsa, kuma shi jikinsa ke nema. Ya dubi sandar da ke sama, ya dafe idanunsa, ya dafe ƙirjinsa. Ya zube a gwiwa gaban Auta. Ya miƙo hannu biyu yana nuna ƙusar, hawaye da majina sun haɗe masa.

Hannuwansa rawa suke yi. Rawar gaske, ba ta kwaikwayo ba.

Ta dube su.

Ta so ta faɗa masa da muryar Baba, don ya ji ta har ƙashinsa. Ta gyara maƙogwaro.

"Ka bar shi ya ƙarasa."

Muryarta ce ta fito, tata ta kullum. Ba ta kula ba.

Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ƙara miƙo hannu.

Shuu. Shuu. Juyin ya fara sassautawa. Ƙararrawa ta kusa.

Ta san abin da ƙusar za ta yi. Ta kuma san akwai wani abu nata a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kofunan nan. Amma ta duba ba ta ga abin da ya ragu ba. Ta ce a ranta, ko mene ne, ba wani abin kirki ba ne. Sai ta tuna sandar Baba tana gogar simintin nan, da dariyar da ta raka shi har ƙofa.

Ai ta gaya masa. Baba ma sau ɗaya ya gaya masa a da.

Ta buɗe tafin hannunta.

Ya fizge. Ya rarrafa. Ya lalubi hudar, ya danna ƙusar da dukan ƙarfinsa, ya bi ta da dunƙulen hannu.

Haƙoran tagulla suka ciji ƙarfe. Akwatin ya yi wani nishi. Wani abu a ciki ya ɗaure, ya ɗaure, ya ƙara ɗaurewa.

Sifirin ya tsinke.

Ƙarar kamar bulala. Bayan akwatin ya fashe, faya-fayai suka watsu, suna gangarawa ƙarƙashin bencina. Bakin sifirin ya tsage ta a kumatu. Ƙwan lantarki ya mutu.

Duhu.

Sai tari. Ɗan gajeren tari mai shaƙewa, daf da kunnenta.

Ta juya za ta gudu, wani abu ya riƙe gefen mayafinta. Yatsu ne ƙanana, masu tauri. Ba sifiri a cikinsa yanzu, ba abin da zai motsa su. Suna ja.

Ta ja. Suka ja.

Kofunan uku suka fara kaɗawa a kan katako, kamar ana bugawa daga ciki.

Ta sunkuya ta zame kanta daga mayafin, ta bar masa. Ta diro daga dandamali, ta yi karo da benci, ta tashi, ta yi karo da wani. Ƙofar ta ƙi. Ta tuna ciki ake jawo ta. Ta jawo.

Iskar titi ta buge ta. Ba ta tsaya ba sai da ta kai inda karen yake kwance. Can sai ga Mai Baki ya fito da rarrafe, bakinsa a wangame, yana ihun da ba wanda zai ji.

Ba a yi wasa ran nan ba, ba a kuma sake yi ba.

An kai Mai Baki asibiti, likita ya leƙa ya ce maƙogwaronsa lafiya lau. An kai shi wurin masu addu'a. Yanzu yana zaune a ƙofar gida, in yana son ruwa sai ya buga kofi da cokali. Yaran layin sun rasa me za su kira shi, sai wani ya tuna da sunan da ba mai amfani da shi yanzu. Malam Shiru suke ce masa.

Yayarta ta sa aka kwaso mutum-mutumin da duk abin da aka tsinta a ƙarƙashin bencina. Ta zaga da shi wurin masu gyaran agogo, da masu gyaran rediyo, har da wani mai gyaran keken ɗinki. Kowa ya leƙa sai ya girgiza kai, ya ce wanda ya ƙera shi kaɗai ya san yadda faya-fayan nan ke zama. Kofunan kuwa sun manne da katakon. An sa guduma, an sa kurfi, ko gezau. Aka tura shi ɗakin ajiya aka rufe da buhu.

Auta ba ta gane abin da aka ɗauke mata ba sai da ciwon kumatun ya fara warkewa. Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, ta gyara maƙogwaro za ta tambayi kanta ko ta ci abinci. Ba abin da ya zo. Ta gwada mai gawayi, ya fito. Ta gwada malamar asibiti, ta fito. Har Mai Baki ta gwada, ya fito tsaf da zaginsa. Ta koma kan Baba. Tana tuna fuskarsa, da tabon da ke babban yatsansa, da duk kalmomin da ya saba faɗa. Amma yadda sautinsu yake, babu. Wurin a shafe, kamar dasashin nan.

Wani lokaci da magariba takan shiga ɗakin ajiyar ta ɗaga buhun. Hannun na sama da sanda, ɗayan kuma har yanzu da guntun mayafinta. In ta kara kunne a kofin hagu, sai ta ji Mai Baki can ƙasa yana ta kiran jama'a su matso su ga abin al'ajabi. Ba ta daɗewa a nan. Sai ta matsa kan na tsakiya, ta riƙe numfashi.

Baba yana nan, da 'yar shaƙewarsa. Yana tambayarta ko ta ci abinci.

Tana ɗaga kunnenta daga tagullar, sai ta manta yadda ya faɗa.